Filin Tambaya da Amsa: Malamin Ba da Shawara da Shirin Shiga Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana ajin ƙarshe na sakandare, burinta aikin likita. A makarantarsu akwai ofishin malamin ba da shawara, amma ban san me yake tsinana wa yara ba. Shin ba sayen fom ɗin JAMB kawai ake yi ba? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Sayen fom shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Aikin wannan malami ya kamata ya fara tun yaro na gama JSS3, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, na adabi ko na kasuwanci. Yarinyar da ba ta karanta Kimistiri da Fiziks daga SS1 ba, ƙofar likitanci ta rufe mata shekara uku kafin ta ga fom.

Tunda taki tana ajin ƙarshe, ki je da ita ofishin, ku zauna a kan abu uku. Na farko darussan da za ta rubuta. Jarrabawar UTME, wadda hukumar JAMB ke shiryawa don shiga jami'a, darasi huɗu ce, maki 400, Turanci dole ne ga kowa. Mai neman likitanci sai ya haɗa da Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Mai neman injiniya ya ɗauki Lissafi, Fiziks da Kimistiri. Mai neman lauya kuwa mafi yawan jami'o'i suna neman Adabin Turanci a cikin darussansa. Duk shekara ana samun yaron da ya ci maki mai kyau amma aka ƙi ɗaukarsa, don kawai ma'aikacin cibiyar rajista ne ya zaɓa masa darussa a tsaye, layi na jira a baya. Malamin kirki yakan buɗe kundin JAMB na intanet, ya duba sharuɗɗan fannin a jami'ar da aka zaɓa, ya rubuta wa ɗalibi a takarda ya tafi da ita cibiyar.

Na biyu sakamakon WAEC ko NECO: mai neman likitanci sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗin sakamakon zaman jarrabawa biyu a fannin likitanci, sai a samu duka a zama ɗaya. A tambaya tun yanzu.

Na uku shi ne wanda iyaye ba su cika son ji ba. Malamin zai ɗauko sakamakon yarinyar na SS1 da SS2 ya faɗi gaskiya. Idan ya ga makinta ba zai kai na likitanci ba, zai kawo maganar aikin jinya, haɗa magunguna ko gwaje-gwajen asibiti. Kada ki ɗauka baƙin ciki yake mata. Makin da aka sanar a 2025 a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga jami'a 150 ne, amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Kujerun likitanci kaɗan ne, masu nema kuma sun yi musu yawa ninkin-ba-ninki. Zai kuma duba wace jami'a ce ta fi dacewa da ita, domin a jami'o'in tarayya ana ɗaukar kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 daga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 daga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. 'Yar Katsina da ta zaɓi jami'ar da jiharta ke cikin yankinta ta fi samun dama a kan wadda ta jefa sunanta can nesa don ta ji sunan jami'ar ya yi mata daɗi.

Tambaya: Malam, makarantarmu ba ta da irin wannan malami. Me zan kiyaye wajen rajista? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Ɗana, fara da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, don tun 2021 ba a rajista sai da ita. Ka ajiye takardar NIN da ta rajistar WAEC gefe da gefe, ka bi su harafi-harafi. Idan nan an rubuta Muhammad can kuma Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, a gyara kafin rajista, don gyara bayan haka ɗawainiya ce da kuɗi. Daga nan ka tura kalmar NIN da lambobin NIN ɗinka 11 zuwa 55019 ko 66019 daga layin wayarka na kanka. Kar ka yi aron layin aboki, kar kuma ka yar da layin, duk saƙonnin hukumar ta nan za su zo. Ka faɗa wa 'yan mata na ajinku su haƙura da lalle a yatsu kafin rajista da ranar jarrabawa, na'urar ɗaukar zanen yatsa takan ƙi karanta shi.

Ka saba da kwamfuta tun da wuri: tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace. Idan sakamakon WAEC ya fito, ka koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurbin karatu, in ba haka ba jami'a ba za ta iya ɗaukarka ba ko makinka ya kai. Idan an ba ka gurbi, sai ka shiga CAPS ka danna ka karɓa da kanka.

Tambaya: Yaron da bai samu gurbi ba fa, sai ya zauna gida?

Amsa: A'a. Makin UTME na shekara ɗaya ne. Zai iya canza fanni ko makaranta tun ana ɗauka, ko ya yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko difiloma ko NCE, daga baya ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.