Ciwo biyu, amma diyya ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana tsohon sojan Amurka ne, ya yi aiki a Iraƙi. Tun da ya dawo ba ya barcin kirki, ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Likita ya ce yana da ciwon firgici na bayan yaƙi, wato PTSD, ga kuma ciwon damuwa. Amma takardar diyyarsa ta zo da kashi 50 cikin 100 kawai. Ashe ba kowane ciwo da nasa kason ba?
Daga wata 'yar'uwa a Amurka

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya. Haɗa ciwukan da aka yi ba kuskure ba ne. Ma'aikatar kula da tsoffin sojojin Amurka, VA, tana auna firgici da damuwa da ma'auni ɗaya, kuma dokarta ta hana a biya alama ɗaya sau biyu. Rashin barci dai rashin barci ne, ko wanne ciwon ya jawo shi.

Matakan shida ne: 0, 10, 30, 50, 70 da 100. Ana duba yadda ciwon ya taɓa aikinsa da zamansa da mutane. Kashi 50 na wanda aikinsa ya ragu ne, faɗuwar gaba mai tsanani na zuwa masa fiye da sau ɗaya a mako. A kashi 70 kuwa abin ya ci kusan komai: aiki, iyali, tsaftar jiki, har da tunanin kashe kai.

Ga inda nake so ki sa ido. Sojoji ba su iya kai kuka ba. Likitan tantancewa ya ce "ya jiki?", sai gogan ya ce "da sauƙi", alhali ya kwana zaune yana gadin taga. Ke ce kike ganin daren, kuma ana karɓar shaidar matar aure a rubuce. Rubuta abin da idonki ya gani: sau nawa yake farkawa, yaushe ya daina shiga taro, me ya raba shi da aikinsa na ƙarshe.

Kuna da shekara ɗaya daga ranar takardar ku nemi a sake duba hukuncin. In ya kai kashi 70 kuma ciwon ya hana shi riƙe aiki, yana iya neman a biya shi daidai da mai kashi 100.

In kuma ya taɓa furta maganar kashe kansa, kada ki jira takarda. Kira 988, layin agajin gaggawa na masu tunanin kashe kai a Amurka, ki danna 1 don sashen tsoffin sojoji.