Tambaya da Amsa: Wai duk mai waya ɗan jarida ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin shiga jami'a kuma aikin jarida nake son karantawa. Babana ya ce ɓata shekaru ne, tunda yanzu duk mai waya da Facebook labari yake bayarwa. Ya fi son in karanta shari'a. Me zan ce masa?
Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Kada ki ja da Baba, yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Yaɗa labari ya zama na kowa. Tantance shi ne bai zama na kowa ba, kuma shi za ki je koyo.

Mai waya da ya ji ƙishin-ƙishin sai ya watsa. Ke kuwa malami zai maido miki da takardarki har sai ya ga wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, ta yaya, kuma me ya jawo. Za a hana ki dogara da majiya ɗaya. In labarinki ya zargi mutum, sai kin neme shi kin ji ta bakinsa, ko da ya rufe miki waya. Wannan ƙa'idar na fi riƙewa da ƙarfi, domin na ga yadda layi biyu na ƙarya suka zubar wa bawan Allah mutuncin da ya daɗe yana ginawa, gyaran da aka buga daga baya kuma bai kai inda ƙaryar ta kai ba. Ki gaya wa Baba cewa a can ma akwai darasin doka: ɓata suna, haƙƙin mallaka, da kare sirrin majiya.

Sai dai ba kowane sashe ne zai ba ki wannan ba. Tun 1908 da Walter Williams ya kafa makarantar aikin jarida a Jami'ar Missouri ta Amurka, ɗalibai ke fitar da jaridar gaske wadda mutanen gari ke karantawa. Da wannan ma'aunin za ki auna. Kafin ki cike fom, ki tambaya: suna da situdiyo mai aiki? Ɗalibai na da rediyo ko jarida tasu? Ana tura su gidajen yaɗa labarai koyon aiki? Malaman sun taɓa zama a ɗakin labarai? Inda alli da allo ne kawai, ki nemi wani wurin.

Ki kuma haɗa da wani fanni da za ki sani sosai, kamar lafiya, tattalin arziki ko ita shari'ar. Wakiliyar da ta iya karanta hukuncin kotu edita ba ya wasa da ita.

Batun kuɗi, kada ki ɓoye wa Baba: albashin farko ba shi da kauri, kuma da yawa kan koma hulɗa da jama'a ko talla. Ki rubuta labari ɗaya da kika bincika da kanki, ki miƙa masa ya karanta, sannan ku sake maganar.