Kuɗin da ake ci a cacar ƙwallo, a ina za a zuba su?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Gombe, wani watan ka ci dubu ɗari biyu a cacar ƙwallo, wani watan ko sisi, kuma kana tambayar yadda za ka zuba jari da abin da ke shigowa. Gaskiyar da zan fara faɗa maka ita ce wannan ba kuɗin shiga ba ne da za a ɗora tsari a kansa, domin kamfanonin caca sun tsara rabon ne yadda a ƙarshe su ke da riba, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana caca ƙarara; ka tuntuɓi malami kan hukuncin abin da ke hannunka.

Wanda samunsa ba shi da tabbas, juriyarsa ga asara kaɗan ce, don haka daga halaliyarka ka fara ware kuɗin abinci da haya na wata shida. Bayan nan ka duba Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato tsarin zuba jari marar kuɗin ruwa wanda aka fara fitarwa a 2017. Idan kuma ka fi son abin da ido ke gani, sayi wake a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe lokacin kaka, amma ka zuba shi a buhu mai hana iska shiga, don na taɓa buɗe nawa na tarar ƙwari sun mayar da rabinsa gari.