Amsa ga mai tambaya kan asembula da allon STM32 da ya ƙi tashi

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka, kuma matsaloli biyu ka kawo ko da yake ka haɗa su wuri guda. Ka ce ka ɗauko wani ɗan shiri na asembili, wato yaren da ake ba guntu umarni kai tsaye, da aka rubuta don manhajar haɗa shiri ta Keil, ka juya shi da hannunka domin ya shiga `arm-none-eabi-as`, wato asembular GNU mai juya rubutun zuwa lambobin da guntu ke ji, ka ɗora shi a kan shuɗin allon nan mai STM32F103C8T6, amma fitilar da ke kan ƙafar PC13 ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da ka raba shirin gida biyu kuma, sai linka, manhajar da ke haɗe fayilolin su zama shiri ɗaya, ta tsaya da saƙon "relocation truncated to fit: R_ARM_THM_JUMP11", har ka fara zargin cewa guntun jabu aka sayar maka. Gaskiya ne akwai kwaikwayon wannan guntu da yawa a kasuwa, amma kafin ka sake tura kuɗi Kano ko Legas ka zauna jiran motar da za ta kawo maka wani allo Sakkwato, ina roƙonka ka duba abin da zan faɗa, domin alamun da ka lissafa duk sun fi nuna fayil ɗinka.

Mu fara da layin umarni. Guntun da ke hannunka Cortex-M3 ne, kuma dangin Cortex-M ba su san tsohon salon umarnin ARM ba sam, salon da ake kira Thumb kaɗai suke ji. Don haka mafi ƙarancin abin da za ka rubuta shi ne `arm-none-eabi-as -mcpu=cortex-m3 -mthumb -g -o fara.o fara.s`. Na fi son `-mcpu` a kan `-march=armv7-m` saboda sunan guntun ya fi sauƙin tunawa, amma kowanne ya wadatar. Ni dai a kullum nakan sa waɗannan layuka uku a saman fayil ɗin kansa, wato `.syntax unified`, da `.cpu cortex-m3`, da `.thumb`, saboda fayil yakan bi hannu daga wannan ɗalibi zuwa wancan ta WhatsApp, layin umarnin kuwa ba ya bin sa. Idan kana bi ta `arm-none-eabi-gcc` ne, ka lura cewa fayil mai ƙarewa da babban harafi `.S`, ba ƙaramin `.s` ba, shi ake fara tacewa ta yadda `#define` da `#include` za su yi aiki, kuma duk zaɓin da kake so ya isa ga asembula sai ka sa masa `-Wa,` a gaba.

Wannan layi na `.syntax unified` shi ne wanda nake kyautata zaton babu shi a fayil ɗinka. Asembular GNU, idan ba a gaya mata komai ba, tsohon salon rubutu take ɗauka, wanda ya samo asali tun lokacin da Thumb yake da umarni masu bit 16 kaɗai, kafin Thumb-2 ya zo a 2003 ya haɗa masu bit 16 da masu bit 32. A tsohon salon, idan ka rubuta `b wani_aiki`, gajeren tsalle za ta fitar, mai bit 11 na nisa, wanda ba ya wuce bayit 2048 baya ko 2046 gaba. A sabon salon kuwa, idan ta ga sunan yana wani fayil kuma ba ta san nisansa ba, sai ta zaɓi doguwar siffar `b.w`, wadda ke kaiwa megabayit 16 kowane ɓangare.

Sauran bambancin da ke tsakanin salon Keil da na GNU ba su da wuya: `AREA` ya koma `.section`, `EXPORT` ya koma `.global`, `DCD` ya koma `.word`, kuma kowane lakabi yana buƙatar ɗigo biyu a bayansa. Alamar `;` da Keil ke amfani da ita don sharhi, a wurin GNU raba umarni biyu take yi, sharhi kuwa da `@` ake fara shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake rubuta `%function` a ARM maimakon `@function` da za ka gani a misalan x86.

Yanzu ga ainihin maganar. Asembula fayil ɗaya take gani a lokaci guda, kuma ba ta san inda zai zauna a ƙwaƙwalwa ba. Duk inda ta ci karo da adireshin da ba ta sani ba, sai ta bar gurbi, ta rubuta wa linka ɗan bayani cewa a wuri kaza akwai gurbi, na sunan kaza ne, kuma ga yadda za a cike shi. Kamar tela ne da ya yanka yadi ya bar alamar alli inda aljihu zai zauna, mai ɗinki ya zo ya ƙarasa. Waɗannan bayanai su ne cikon adireshi, kuma kowane iri yana da suna da iyakar abin da gurbinsa zai ɗauka. R_ARM_THM_CALL na `bl` ne, R_ARM_THM_JUMP24 na `b.w`, R_ARM_THM_JUMP11 na gajeren `b`, R_ARM_ABS32 kuma na `.word` mai ɗauke da cikakken adireshi. Saƙon da ka samu yana nufin linka ta lissafa nisan, ta ga bai shiga bit 11 ba, ta ƙi yanke shi a ɓoye. Gara da ta tsaya, domin da ta wuce, da shirin ya yi tsalle zuwa inda ba kowa.

Kana iya ganin duk wannan da idonka. Ka rubuta `arm-none-eabi-objdump -dr fara.o`, sai ka nemi layin da ke kiran aiki a wani fayil. Za ka ga lambobin `f7ff fffe` a gaban `bl`, a ƙarƙashinsu kuma sunan R_ARM_THM_CALL da sunan aikin. Waɗannan lambobi suna nufin debe huɗu, saboda a Thumb rajistar PC, mai nuna inda shirin ya kai, tana gaba da bayit 4 daga umarnin da ake kai, kuma ARM mai bit 32 a cikin umarnin kansa yake ajiye wannan ƙarin. Ɗalibai da yawa sukan tsorata idan suka ga kamar `bl` yana kiran kansa, alhali gurbin ne kawai ba a cike ba tukuna.

Matsalar fitilar kuwa, a nan na fi so ka natsu, domin ita ce wadda ba ta ba da saƙon kuskure ko ɗaya. Idan guntun ya tashi, kalma ta farko (bayit huɗu) a filash, ƙwaƙwalwar da shiri ke zama, a adireshin 0x08000000, ita ce adireshin saman tari (stack), wanda a guntu mai ƙwaƙwalwar aiki ta SRAM ta kilobayit 20 yakan zama 0x20005000. Kalma ta biyu ita ce adireshin aikin farawa, kuma dole bit ɗinta na ƙarshe ya zama 1, alamar cewa lambar Thumb ce. Linka tana kunna wannan bit ne kawai idan an shaida mata cewa sunan aikin Thumb ne. A Keil da `PROC` ake nuna farkon aiki, kuma layi ne da mutane kan goge idan suna juyawa, saboda GNU ba ta san shi ba. Madadinsa shi ne ka sa `.type Reset_Handler, %function` da `.thumb_func` kafin lakabin. Idan babu su, komai zai haɗu lafiya, na'urar ɗora shiri ta ST-Link za ta ɗora lafiya, amma guntun zai faɗa babban kuskuren da ake kira HardFault tun kafin ya aiwatar da umarni na farko.

Na taɓa zama da wasu ɗalibai masu haɗa na'urar sarrafa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, irin wanda manoman fadamar Rima ke bukata, kuma sun riga sun canza allo da wayoyi suna zargin zafi ne ya lalata guntun. Da muka buɗe teburin farawar, wato waɗannan kalmomi na farkon filash, da `objdump -s`, bayit takwas na farko sun fara da `00 50 00 20`, wanda daidai ne idan aka karanta daga baya, amma na biyar ya fito `08` maimakon `09`. Layuka biyu aka ƙara, famfon ya tashi. Kai ma ka duba haka, ko ka yi amfani da `readelf -s`, wanda ke nuna adireshin aikin Thumb a matsayin lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, saɓanin `nm` da yakan ɓoye wannan bit ɗin. Idan kana da manhajar binciken shiri ta GDB, rajistar CFSR mai nuna dalilin kuskure tana 0xE000ED28, kuma bit na 17, mai suna INVSTATE, zai kasance a kunne idan wannan ce cutar.

Akwai abu ɗaya da zai same ka nan gaba idan shirin ya girma. Rubutu irin `ldr r0, =0x40021018`, wanda za ka yi don isa rajistar da ke kunna agogon GPIOC, rukunin ƙafafun da PC13 ke ciki, ta bit na 4, ba umarni ne na gaske ba. Asembula tana ajiye lambar a wani ɗan rumbu a ƙarshen sashen, ta ɗauko ta da nisa daga PC, kuma nisan ba ya wuce bayit 4095 a doguwar siffa, ko 1020 a gajeriya. Idan ta yi ƙorafin nisa, ka sa `.ltorg` bayan wani tsalle marar sharaɗi, inda shirin ba zai bi ta kai ba. A Cortex-M3 kana iya kauce wa rumbun gaba ɗaya da `movw` da `movt` tare da `#:lower16:` da `#:upper16:`, amma Cortex-M0 ba shi da su. Haka kuma idan ka mayar da wani aiki cikin SRAM, tazarar da ke tsakaninsa da filash megabayit 384 ce, ta fi ƙarfin `bl`, sai dai a nan linka takan gina ɗan tsani da kanta, abin da ba ta yi wa gajeren `b`.

Ka gyara layukan sama, ka shaida aikin farawa, ka tabbata maɓallin BOOT0 yana kan 0, kuma ka tuna cewa fitilar PC13 tana kamawa ne idan an mayar da ƙafar 0. Idan har yanzu shiru, ka liƙo mana abin da `readelf -r fara.o` ya fitar tare da fayil ɗin linka ɗinka a nan, in sha Allahu za mu bi su layi-layi.