Gwajin Cututtukan Saduwa Goma Sha Biyu A Zama Ɗaya: Amfaninsa Da Illarsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni bazawara ce, shekaruna 31, kuma saura wata biyu a ɗaura mini aure. Da muka je gwajin kafin aure a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa, sai aka tallata mana wani tsari da suke kira cikakken gwaji, wanda ake duba cututtuka goma sha biyu da ake ɗauka ta hanyar saduwa a zama ɗaya, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wanda zan aura yana son mu yi domin hankalin kowa ya kwanta, ni kuwa lafiyata kalau, ba na jin komai a jikina. Shin ya dace mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya sanya alheri, Ya ba ku zaman lafiya. Niyyar mai neman naki kyakkyawa ce, amma kafin ku biya ko sisi, ku nemi a ba ku sunayen cututtukan goma sha biyun a rubuce, domin a cikinsu akwai waɗanda nake son kowane mai shirin aure ya gwada, akwai kuma waɗanda gwada su ga mai lafiya ya fi jawo tashin hankali fiye da kwanciyarsa.

Rashin jin komai a jiki ba shaidar lafiya ba ce, kuma wannan ita ce babbar hujjar masu irin wannan gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu masu warkewa, wato kilamidiya, gonoriya, tunjere da tirikomonas, kuma akasarin masu ɗauke da su ba su da wata alama. Kilamidiya ce ta fi ba ni tsoro ga mata, domin tana iya zama shiru a bakin mahaifa watanni, ta hau ta lalata bututun da ƙwai ke bi, sai bayan shekaru a zo ana neman haihuwa, ko a sami ciki a wajen mahaifa, alhali maganin kwana bakwai ya isa ya kawar da ita tun farko. Tunjere kuma tana ratsa mahaifa ta kashe ɗan tayi ko ta nakasa shi, allurar fenisilin kuwa tana hana hakan. Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba, wato sauƙin kunya: mutumin da ba zai iya buɗe baki ya ambaci sunan cuta a gaban ma'aikaci ba, yana iya cewa a yi masa gaba ɗaya, a ɗebi jini da fitsari, ya tafi.

Waɗanda na yarda da su ga mai hali irin naki su ne HIV, ciwon hanta nau'in B da C, tunjere, kilamidiya da gonoriya, sai tirikomonas a gare ki. Uku na farko suna cikin abin da dokar gwajin kafin aure ta Jihar Kano ta shekarar 2024 ta wajabta, tare da gwajin sikila. Dalilina shi ne, gwaje-gwajensu ingantattu ne, kuma idan an ga cutar akwai abin yi a bayyane. Ciwon hanta na B ya cancanci kulawa ta musamman, domin binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya same shi a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya. Mafi yawan masu ɗauke da shi a Afirka tun suna yara suka kamu, wasu daga uwa lokacin haihuwa, saboda haka ganinsa a takarda ba hujjar zargin kowa da alfasha ba ce. Wanda ba shi da shi a cikinku sai ya yi rigakafi, jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Illar tana farawa ne daga lissafi. Babu gwajin da ba ya kuskure. A ce, a misali, kowane gwaji yana nuna cuta bisa kuskure ga mutum 2 cikin 100 masu lafiya. Idan aka jera goma sha biyu, kusan mutum ɗaya cikin biyar zai fita da takarda mai ɗauke da cutar da ba shi da ita. Ga wanda ke da alamu, ko yake da dalilin tsoron ya kamu, wannan haɗari ne da ya dace a ɗauka. Ga amaryar da saura wata biyu ɗaurin aurenta kuwa, layi ɗaya na kuskure yana iya wargaza maganar da iyaye suka daɗe suna ƙullawa.

Gwajin jini na hapis, cutar da ke fitar da ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a gaba, shi ne misali mafi muni. Hapis ɗin nau'i biyu ne. Na farkon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana jikin kashi 64 cikin 100 na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50, galibi an ɗauke shi tun yarinta, shi ne ƙurjin nan da ke fesowa a leɓe bayan zazzaɓi. Gwajin jini ba zai faɗa miki inda cutar take a jiki ba, ba zai faɗi yaushe aka kamu ba, balle daga wa. Na biyun kuma, gwajin da aka fi amfani da shi yana yawan nuna cuta bisa kuskure idan lambar sakamakon ƙarama ce, kamar tsakanin 1.1 da 3. Wannan ne ya sa kwamitin da ke ba da shawara kan gwaje-gwajen rigakafi a Amurka ya ce a 2016, ya kuma jaddada a 2023, kada a riƙa yi wa marasa alama wannan gwaji. Idan akwai ƙurji, a shafo ruwansa a gwada, wannan shi ne mai amfani.

Sai ƙwayoyin da ake cika jerin da su domin ya yi tsawo, irin su yuriyafilasma da maikofilasma hominis. Waɗannan suna zaune a jikin ɗimbin mata masu ƙoshin lafiya, kuma ƙwararrun Turai kan cututtukan saduwa sun fitar da matsaya a 2018 cewa kada a riƙa gwada su haka kawai. A wajenmu abin da ya fi su ɓarna shi ne abin da ake kira staf, ƙwayar da ke rayuwa a fata da hancin mutane da yawa, wadda kan shiga samfuri lokacin ɗauka, sai a rubuta ta a takarda a ce wa mace tana da sanyi. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta zazzage mini leda a kan tebur, kwalayen magani iri shida da kwalaben allura, ta shafe wata huɗu tana sha saboda takarda irin wannan. Ƙaiƙayin da ya kawo ta wurina magungunan ne suka haddasa shi, domin sun kashe ƙwayoyin da ke kare gabanta, farin ruwa mai kama da kindirmo ya samu wurin yaɗuwa. Mijinta kuwa ya ƙaurace mata tun ranar da ya ga sakamakon. Abin yana ci mini rai har yau. Shan magani barkatai kuma shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ga gonoriya nan ta riga ta bijire wa yawancin magungunan da aka san ta da su.

Kalmar cikakke ma tana yaudara ta ɗaya ɓangaren, domin takarda mai tsabta ba ta nufin komai idan an yi gwajin da wuri. Gwajin HIV na gaggawa, wanda ake tsaga yatsa, yana iya ɗaukar kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa kafin ya nuna, na ɗakin bincike mai neman ƙwayar da garkuwa tare kuma kwana 18 zuwa 45. Tunjere ma kan ɗauki makonni. Idan ɗayanku ya rabu da abokin zamansa kwanan nan, a sake gwajin bayan wata uku. Ku tambayi kuma irin samfurin da za a ɗauka. Kilamidiya da gonoriya ana neman su ne da gwajin PCR, wato mai gano ƙwayar cutar kanta, a fitsarin farko da ya fito ko a abin da aka shafo daga gaban mace. Idan aka ce da jini za a duba kilamidiya, wannan tsohon sawu kawai yake nunawa, ba zai tabbatar da cewa tana nan yanzu ba.

Sakamakon tunjere yana buƙatar mai karatu. Gwajin VDRL, ɗaya daga cikin nau'i biyu na gwajin jinin tunjere, yana iya nuna cuta bisa kuskure saboda juna biyu ko zazzaɓin cizon sauro, ɗaya nau'in gwajin kuma yakan ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwa ko da an warke tuntuni, don haka sai an haɗa biyun ake yanke hukunci.

Shawarata ita ce ku ɗauki jerin ku kai wa likita, ku zaɓi waɗanda na ambata, ku bar sauran sai in akwai alama. Ku yi yarjejeniya tun kafin a ɗebi jini cewa duk abin da ya fito, ba za a kai shi gaban waliyyai ko dangi ba sai an sake gwaji an tabbatar, kuma likita ya yi muku bayani ku biyu a zaune. Idan mai neman naki yana da iyali, uwargida ma ta shiga cikin lissafi, domin idan aka ga cuta mai warkewa, miji da matansa duka ake yi wa magani lokaci guda, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai bayan magani, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagayawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Tunda kin haura shekara 30, abin da ya rage na kuɗin ki sa shi a gwajin bakin mahaifa na ƙwayar HPV mai haddasa sankarar bakin mahaifa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mata su fara daga shekara 30, kuma sau da yawa ba ya cikin irin jerin da aka nuna muku.