Amsa ga mai tambayar hoton bakin ruwa da fuska ke fita kamar toka

Salam ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, cewa ka ɗauki abokinka hoto a bakin ruwa, kana so ya fito da irin kaushin nan mai duhu-duhu da ake yayi, amma da ka gama editin sai fuskarsa ta koma kamar wanda ya yi wanka da toka, ruwan kuma ya yi fari fat ba a ganin komai. Ni ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai, da waya nake yi sai wata tsohuwar Canon 'yar gwanjo, amma wannan matsalar taka wallahi na sha ta har na gaji.

Tun wajen ɗauka abin ya fara lalacewa, ba a wajen editin kaɗai ba. Ruwa madubi ne, hasken sama yake dawo maka da shi, to idan mutum baƙi ya tsaya ruwa na bayansa waya ruɗewa take yi, ko ta gyara ruwan fuska ta yi baƙi ƙirin, ko ta gyara fuska ruwan ya ƙone. Abin da nake yi, in danna kan fuskar a sikirin sannan in ja hasken ƙasa kaɗan har in fara ganin igiyar ruwan. Gara hoton ya ɗan yi duhu, duhu ana ɗago shi daga baya, amma wurin da ya ƙone ya yi fari ya tafi kenan, babu manhajar da za ta dawo da shi. In wayarka na da RAW, wato ɗanyen hoto da waya ba ta sarrafa ba, a cikin saitin Pro na kamara ka kunna, yana cin waje amma ya fi jure editin.

Kuma don Allah ka daina zuwa da tsakar rana. Karon farko da muka je Dam ɗin Tiga, wannan da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, wajen sha biyu da rabi muka isa don ɗoki, ƙanina na ta matse ido, inuwar hularsa ta rufe masa rabin fuska, hoto ya fi ɗari ko guda ban iya ɗorawa ba, ga kuɗin mai mun ƙona a banza. Yanzu sai bayan la'asar, daga biyar zuwa dab da magariba, kuma ka yi sauri don rana a nan ba ta jira, kana cikin gyara tsayuwa za ka ji an kira salla. Lokacin hunturu ma ya fi, hazon nan da kowa ke ƙorafi a kansa ni shi nake jira, yana tausasa hasken, tsallaken ruwa ya dushe, rabin aikin editin an riga an yi maka kyauta. Ka dai riƙa goge gilashin kamarar.

Kar ka sa ranar a bayansa sak, kar kuma ya fuskance ta. Ta gefe. In ɗaya kuncin ya yi duhu da yawa, farin kwali ko farar riga wani ya riƙe masa kusa da fuska ya wadatar. Ka ja baya ka sa zum na 2x, in ka matso da kamarar waya hanci girma yake yi. Ka kuma lura kar layin da ruwa ya haɗu da sama ya ratsa masa wuya, wannan kuskuren har yau ina yi.

To yanzu maganar kaushin. Inda kake kuskure, ina kyautata zato, ka ɗauki filtar Drama ko Grunge ta manhajar gyaran hoto ta Snapseed ka zuba wa hoton gaba ɗaya. Waɗannan abubuwan suna fito da duk wani ɗan layi da tabo ne, suna kuma rage kala, to fatarmu in ka cire mata jan nan da ke cikinta me ya rage? Toka. Ga maiƙon goshi ya ƙara ƙyalli, ƙuraje su fito ɓaro-ɓaro, mutum ɗan shekara 25 ya koma kamar ya yi jika. Kaushin nan a jikin wurin ake zuba shi, ba a fuska ba. Akwai hoton da na fi so a duk waɗanda na taɓa ɗauka, abokina ne zaune a gefen wani tsohon kwalekwale, katakon duk ya tsattsage an lilliƙe shi da kwalta, taru a jibge kusa da ƙafarsa, ga busasshen taɓo ya dare. Nan na ƙara Structure, saitin da ke fito da kaushin abu, son raina, da buroshi na bi katakon da tarun da wandonsa na jins, fuskar ban taɓa ta ba sai ɗan haske da na ƙara. Duk wanda ya gani cewa yake hoton ya yi kaushi, alhali fatar sumul take.

Ruwan kuma rage masa haske da kala nake yi ya koma kamar ruwan dalma. A manhajar Lightroom akwai wurin da ake taɓa kowace kala ita kaɗai, shuɗi da kore ka rage su yadda ka ga dama, amma ruwan lemo ka bar shi, can fatar take zaune. Ɗigo-ɗigon nan kamar yashi, wato Grain, shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan, ni ba na wuce 20 zuwa 25, don Facebook da WhatsApp matse hoto suke yi, in ya yi yawa sai ya dagule ya zama kamar datti.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Bakin ruwa wurin neman abincin mutane ne, ka yi wa masunta sallama ka nemi izini kafin ka hau jirgin wani, in ka ga mata na wanki ko yara na wanka ka juya kamararka wani gefen. Ka kuma nisanci jikin ginin dam da gada, an taɓa tsare ni kusan awa guda ana ta bincika wayata a kan haka. Shiga ruwan ma ban ba ka shawara ba, duwatsun santsi gare su, ga tsargiya.

In hoton asali na nan, wanda ba ka taɓa ba, ka turo shi a matsayin fayil kar ya matse, in gwada in ga ko ruwan zai dawo.