Mugunya ta taru a hantar Baba bayan aikin kansa: mu kai ƙara?

Tambaya: Barista, an yi wa mahaifinmu aikin kansar hanta, irin wanda ake zura siririn bututu ta matsematsi, a tura magani, a toshe jijiyar da ke ciyar da kansar. Mako biyu zazzaɓi ya ƙi sauka, hoto ya nuna mugunya ta taru a hantar. Yayyena sun ce mu maka asibitin a kotu.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ban ga fayil ɗinsa ba, maganata a kan abin da kika rubuto ce kawai.

Da alama kun ɗauka tunda ciwon ya biyo bayan aikin, laifi ya tabbata. A doka ba haka yake ba. Naman da aka yanke wa jini mutuwa yake yi, ƙwayoyin cuta kuwa kan samu mafaka a ciki. Taruwar mugunya ba ta cika faruwa ba, amma sananniyar matsala ce ko a hannun gwani. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko likitan ya kauce wa abin da takwarorinsa za su yi. A shari'ar Ojo da Gharoro ta 2006, allurar ɗinki ta karye, guntunta ya zauna a cikin wata mata, duk da haka Kotun Ƙolin Najeriya ta ce ba a tabbatar da sakaci ba.

Inda wataƙila kuke da magana: an taɓa yi wa Baba aiki a hanyar madaciya, ko an sa masa bututu a can? Yana da ciwon suga? Haɗarin ya fi yawa ga irin waɗannan, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da majinyaci haɗarin aiki. Asibitoci na son ɗaga takardar amincewa kamar laya, alhali sa hannu ba ya wanke sakaci. Sannan da kuka koma da zazzaɓi, wa ya duba shi, kwana nawa kafin a yi hoto?

Ku nemi kwafin fayil a rubuce, ku samu wani likita ya duba; samun wanda zai tsaya a kotu shi ne jan aikin. In asibitin gwamnati ne, ana iya fakewa da dokar da ta ce a shigar da ƙarar jami'an gwamnati cikin wata 3, kada ku yi sanya. Hukumar likitoci, MDCN, ladabtarwa take yi, ba ta ba da diyya.

Ni dai zan fara da wasiƙar lauya, a zauna sulhu, a nemi su ɗauki nauyin janye mugunyar da kuɗin gado. Baba na buƙatar likitocin nan yanzu, shari'a kuwa tana iya cin shekaru.